Gwajin Hali da Tambayoyin da Kunya Ta Hana Mu Yi wa Juna

A gidajenmu na Damagaram, kafin yaro ya kai shekara goma an gama yi masa hukunci. Wannan miskili ne. Waccan bakinta ba ya mutuwa. Wancan shi ne ragon gida, ƙanensa kuma mai baƙar zuciya. Ana faɗi a tsakar gida, a maimaita a makarantar allo, mushe ya ɗauka a lakwal, har sunan ya bi mutum zuwa ranar da dangin yarinya za su fita binciken halinsa. Kowa yana da abin cewa a kan halin yaron nan ban da shi kansa, domin ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya tambaye shi yadda abin yake daga ciki. Da yawa daga cikinmu mun girma, mun yi iyali, har yau muna kallon kanmu da idon gwaggo ko yayan da ya fara laƙaba mana suna.

Shi ya sa ban shiga sahun masu raina gwajin hali ba. 'Yan shekarun nan duk wanda ke zama kusa da ɗalibai ya ga abin. A fadar shayi a Zango ko Sabon Gari, ko a bakin ƙofar jami'a, salula tana zagayawa hannu zuwa hannu, ana amsa tambayoyi da Faransanci, can sai ka ji wata ta ce ita INFJ ce, wani ya ce shi ESTP ne, wato haruffa huɗun da gwajin ke laƙaba wa kowane irin hali. Manya sun kasu biyu: wasu sun ce wasan yara ne, wasu sun ce duba ne aka kawo cikin waya. Ni malamin makaranta ne, kuma abin da na gani ya sa na yarda cewa gwajin nan yana da amfani na gaske ga wanda ya san yadda zai riƙe shi, yana kuma iya cutar da wanda ya miƙa masa wuya.

Zargin duba shi ya fi nauyi, kuma ya cancanci amsa. Mai bugun ƙasa ko mai lissafin suna da burji yana da'awar sanin abin da ba ka faɗa masa ba, har da abin da bai faru ba tukuna. Gwajin hali na kirki ba ya da'awar komai daga gaibu. Jerin jimloli ne, a wani gwajin 44, a wani 240, irin su "ina gama aikin da na fara" ko "ƙaramin abu yana tayar mini da hankali", kai kuma ka zaɓi gwargwadon yadda kowace ta dace da kai, daga 1 zuwa 5. Sai a tara amsoshinka, a kwatanta da na ɗimbin mutanen da suka amsa kafin kai, a ce maka a wannan fanni ka ɗara yawancin mutane, a wancan kana tsakiya. Abin da ka faɗa da bakinka shi ake jerawa a mayar maka. Ba ya gaya maka wadda za ka aura, ba ya gaya maka ranar da arziki zai zo. Duk shafin da ya fara irin wannan alkawari ya fita daga ilimi, a rufe shi kawai.

Asalin abin ma ba daga wasa ya fito ba. Robert Woodworth ne ya tsara gwajin farko irin na tambaya da amsa, domin sojojin Amurka a lokacin yaƙin duniya na farko, don a gane waɗanda firgicin fagen daga zai iya rikita wa hankali. A 1936 wasu masana biyu, Gordon Allport da Henry Odbert, suka bi ƙamus na Ingilishi shafi-shafi suka tsamo kalmomi kusan 18,000 da ake siffanta mutum da su. Tunanin mai sauƙi ne: duk halin da ya dami mutane a zaman tare, sun riga sun raɗa masa suna. Waɗanda suka biyo baya suka yi ta tacewa da lissafi, suna duba waɗanne halaye ne ke tafiya tare a jikin mutum ɗaya, har abin ya tsaya a kan manyan rukuni biyar. Ernest Tupes da Raymond Christal sun gano su a 1961, Paul Costa da Robert McCrae kuma suka gina sanannen gwaji a kansu a shekarun 1980. Na farko son sabon abu da zurfin tunani, na biyu tsari da cika aiki, na uku son shiga jama'a, na huɗu sauƙin kai da tausayi, na biyar saurin damuwa, wanda kishiyarsa ita ce natsuwa. Kowa yana da rabonsa a kowane ɗaya, wani da yawa wani kaɗan.

Babban abin da nake ganin wannan ya kawo mana shi ne raba ɗabi'a da laifi. Mu a nan da wuya mu siffanta hali ba mu haɗa da hukunci ba. Yarinyar da ba ta son hayaniyar biki, ta fi son ta zauna ɗaki da littafinta, ba a cewa taro ne ke gajiyar da ita. Cewa ake tana da girman kai, ba ta son dangi. Amarya mai shiru a gidan miji, sai dangin miji su ce akwai abin da take ƙullawa. Yaro mai tambayar dalilin komai ya zama fitsararre. Mai yawan tunani da fargaba kuwa a ce imaninsa ne ya yi rauni, kuma wannan ya fi duka ciwo, domin an haɗa shi faɗa da kansa an kuma sa shi shakkar matsayinsa wurin Ubangijinsa. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana jin irin wannan, ƙarshenta sai ya yarda shi mai laifi ne. Ranar da ya karanta cewa ƙarancin son taro hali ne da miliyoyin mutane ke da shi, yana da amfaninsa yana da wahalarsa, kuma ba ruwansa da ƙin mutane, wani nauyi yakan sauka daga kansa.

Na ga haka a gidanmu. Ɗiyar ƙanwata, wadda ke ajin ƙarshe a lise, ta zo mini da salularta wata yamma.

Ta ce, "Kawu, ashe ba ni kaɗai ba ce."

Na ce, "Ke kaɗai a me, ɗiyata?"

Ta ce, "A gudun taro. Inna kullum cewa take ina wulaƙanta mutane. Ni kuwa wallahi ina son su, amma in na wuni gidan suna sai in ji kamar an zare mini laka."

Gwajin bai canza ta ba. Abin da ya ba ta shi ne kalmomin da za ta iya zama da mahaifiyarta da su ba tare da kuka ko gardama ba. Suka daidaita: za ta je kowane sha'ani na dangi, ta gaida manya, ta kama aiki a madafa inda mutane ba su da yawa, ta koma gida in ta gaji. Zumunci bai yanke ba, ita ma ta daina ɗaukar kanta a matsayin muguwa.

Wanda ya san addininmu ba zai ga baƙon abu a nan ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gaya wa Ashajju na ƙabilar Abdul Ƙais cewa yana da halaye biyu da Allah yake so, haƙuri da rashin gaggawa, kuma a wata ruwaya da ya tambaya ko shi ya koya wa kansa ko haka aka halicce shi, aka ce masa haka aka halicce shi. Abu Zarri, wanda aka yi wa shaidar gaskiyar harshe irin wadda ba kowa ya samu ba, shi ne kuma aka ce wa yana da rauni, kada ya shugabanci ko da mutum biyu, kada ya riƙe dukiyar maraya. Ba a rage masa daraja da wannan ba. An nuna masa inda ƙarfinsa yake da inda nauyi zai fi ƙarfinsa. Sayyidina Abubakar mai taushin zuciya ne, Sayyidina Umar mai tsanani, kuma kowanne ya yi wa al'umma aiki da abin da aka ba shi. Mu ne muka zo daga baya muke son kowane yaro a gida ya fito iri ɗaya.

Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kawo hanyoyi huɗu da mutum zai san aibin kansa a cikin littafinsa Ihya'u: ya zauna gaban malami mai basira, ko ya nemi aboki mai gaskiya ya sa masa ido, ko ya saurari abin da maƙiyansa ke faɗa a kansa, ko ya cuɗanya da mutane, duk abin ƙi da ya gani a wurinsu ya bincike shi a kansa. Hanyoyi ne masu kyau. Amma mu dubi yadda zamanmu yake. Kunya da kara, waɗanda nake alfahari da su kuma ba na fatan su gushe, suna rufe bakin wanda ya fi kowa saninka. Uba ba ya doguwar hira da ɗan farinsa. Aboki yana ganin aibinka ya haɗiye don kada zumunci ya ɓaci, sai bayan ka tashi a yi maganar. Mace za ta shekara goma da miji ba ta ce masa saurin fushinsa yana tsorata yara ba. Maƙiyi yakan faɗa, amma yana ƙara gishiri, kai kuma zafin maganar ya hana ka tsintar gaskiyar da ke ciki. A irin wannan zama, takardar da za ta yi maka tambaya sittin ba ta jin nauyinka, kai ma ba ka jin kunyarta, ba ƙaramin abu ba ce.

Ni a wurina amfanin ma ya fi yawa a lokacin amsawa, kafin a kai ga sakamako. Ka iso kan jimlar da ta ce kana cika alkawarin lokaci, hannunka ya nufi 5, sai ka tuna telan da ka ce wa gobe za ka kawo cikon kuɗi, da abokin da ya jira ka a tasha. Hannun ya dawo 3. Wannan ɗan tsayawar ita ce hisabin kai da malamai ke kira a kai kullum, sai dai a nan an yanka maka shi ƙanana yadda za ka iya ɗauka. Ba kowa ke iya zama haka kawai ya ce bari in binciki kaina ba, domin bai san ta inda zai fara ba. Tambaya takan buɗe ƙofar.

Akwai kuma maganar karatu da sana'a. Kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba, kuma a ƙidayar 2012 jihar Damagaram ce ta fi kowace jiha yawan jama'a. Yaro ya ci BEPC, sai a tura shi layin adabi ko na kimiyya bisa makinsa da burin mahaifinsa, wanda yakan so likita, ko ma'aikacin gwamnati, ko injiniya a matatar mai ta SORAZ. Ba a cika tambayar ko yaron yana jure zama wuri ɗaya ba, ko ganin jini, ko mu'amala da baƙi daga safe zuwa dare. Tun 1959 John Holland ya fara kasa sha'awar aiki gida shida, daga mai son aikin hannu zuwa mai son bincike, mai fasaha, mai hidimar mutane, mai ciniki da jagoranci, da mai son tsarin ofis. A 1991 kuma Murray Barrick da Michael Mount suka tattara bincike 117 suka ga cewa tsari da cika aiki yana da alaƙa da ƙwazo a kowane irin aikin da suka duba, son shiga jama'a kuwa ya fi tasiri a ciniki da shugabanci. Alaƙar ba mai ƙarfi ba ce sosai, don haka ba za a ɗora makomar yaro a kanta ita kaɗai ba. Amma in malami ya zauna da ɗalibi rabin awa da irin wannan takarda a gabansu, hirar da za su yi ta fi shirun da ake yi yanzu nesa ba kusa ba. Dukawanmu da maƙera da teloli sun daɗe suna lura da yaron da aka kawo musu koyo, cikin wata guda sun san mai haƙurin ɗinki da wanda ya fi dacewa da tsayawa gaban shago. Makarantar boko ce ke da ɗalibai cunkus a aji har malami ya kasa yin wannan lura.

To sai dai gwajin da ya fi yawo a wayoyin yaranmu, mai haruffa huɗu, shi ne wanda masana suka fi yi wa tambaya. Katharine Cook Briggs da ɗiyarta Isabel Briggs Myers ne suka tsara shi a shekarun 1940, bisa tunanin masanin halayyar ɗan Adam Carl Jung na 1921, kuma yana kasa mutane gida 16. Matsalarsa tana wurin yankan. A ce ka tsaya bakin Kasuwar Dole ka ce duk mai shigowa ko dogo ne ko gajere, babu na uku. Yawancin masu shigowa matsakaita ne, don haka mutum biyu da tsayinsu bai bambanta da faɗin yatsa ba za ka raba su gida biyu, ka kuma haɗa matsakaici da zanƙalelen gari a gida ɗaya. Haka halaye suke, yawancinmu a tsakiya muke. Shi ya sa mutane da yawa in suka sake gwajin bayan 'yan makonni sai harafi ɗaya ko fiye ya canza. Ban ce a jefar da shi ba, ɗiyar ƙanwata ma da irinsa ta fara. Cewa nake kada yarinya ta ɗauki haruffa huɗu ta mayar da su sunanta na biyu. In akwai zaɓi, gwajin halaye biyar ya fi, domin shi yana nuna maka gwargwado ne, ba ya kulle ka a ɗaki.

Kuma jin cewa sakamako ya dace da kai ba hujja ba ce. A 1948 wani malamin jami'a a Amurka, Bertram Forer, ya yi wa ɗalibansa gwaji, sannan ya ba kowa takarda ya ce bayanin halinsa ne shi kaɗai. Ya nemi su auna dacewarta daga 0 zuwa 5, matsakaicin makin da suka bayar ya kai 4.26. Ashe takarda ɗaya ce ya raba wa kowa, ya tsinto jimlolinta daga littafin masu duban taurari: kana son mutane su so ka, kana yawan zargin kanka, kana da baiwar da ba ka yi amfani da ita ba tukuna. Wa zai ce wannan ba shi ba ne? Da wannan dabarar boka ke cin kasuwarsa. Saboda haka nakan gaya wa ɗalibaina su nemi wurin da sakamakon ya faɗi abin da ba zai dace da abokin zamansu ba, da wurin da ya faɗi abin da ba su ji daɗinsa ba. In duk yabo ne daga sama har ƙasa, talla ce aka yi musu.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne gwajin ya zama mafaka. Mun riga muna da karin maganar da ke cewa hali zanen dutse, kuma mai zafin rai ya daɗe yana fakewa da ita. Yanzu in aka ƙara masa takarda daga intanet, sai ya ce wa matarsa ga shi nan a rubuce, haka nake, ki yi haƙuri da ni. Wannan zalunci ne, kuma ilimin da yake jingina da shi bai goyi bayansa ba. Binciken da aka yi a kan tagwaye ya nuna gado yana ɗaukar wajen kashi 40 cikin 100 na bambancin hali tsakanin mutane, saura ba gado ba ne. A 2006 Brent Roberts da abokan aikinsa suka haɗa bincike 92 da aka bi mutane shekara da shekaru, suka ga cewa yawanci mutum yana ƙara tsari da natsuwa yayin da yake girma, musamman tsakanin shekara 20 zuwa 40. Gazali ya riga ya faɗi dalilin a taƙaice: da hali ba ya karɓar gyara, da wa'azi da nasiha da tarbiyya duk sun zama aikin banza. Wanda gwaji ya nuna masa yana da saurin fushi an ɗora masa ƙarin nauyi ne, domin yanzu ya sani. Ya san in yana jin yunwa ko ya kwana bai yi barci ba kada ya buɗe maganar kuɗin cefane. Ya san ya fita ƙofar gida kafin ya ɗaga murya.

Kada kuma mu mayar da talauci hali. Walter Mischel ya girgiza wannan fanni a 1968 da ya nuna cewa yanayin da mutum ke ciki yana da babban rabo a abin da yake aikatawa. Saurayin da ya gama karatu ya shekara biyar ba aiki, yana kwana a fada yana tashi da hantsi, in ya amsa tambayoyin nan zai fito a matsayin marar tsari. A ba shi babur na kabu-kabu da zai biya balas kowace yamma, a ga ko ba zai riga liman tashi ba. Samarin unguwannin da garin nan ya saba yi wa kuɗin goro da sunan 'yan ta'adi, da yawansu rashin abin yi ne ya zana su haka. Ba zan so ranar da wani mai ɗaukar aiki zai riƙe sakamakon gwaji ya ƙara rufe musu ƙofa ba. Haka nan maganar aure: a yi amfani da shi a fahimci juna bayan an daidaita, kada a fasa aure saboda haruffa ba su haɗu ba. Wanda damuwa ta hana shi barci da ci na makonni kuwa, wannan ya wuce hali, likita yake buƙata.

Tunda mutum shi ke ba da shaida a kan kansa, dole akwai inda idonsa ba ya kai. Laifi tudu ne. Simine Vazire ta nuna a 2010 cewa mutum ya fi kowa sanin abin da ke ɓoye a cikinsa, kamar fargaba da damuwa, amma a halayen da ake yabo ko zargi a kansu, kamar kaifin basira, abokai sukan fi shi daidaita ma'auni. Shawarata a nan ita ce a yi gwajin sau biyu. Ka amsa naka, sannan ka ba wanda ya san ka, matarka ko amininka ko yayarka, ya amsa tambayoyin nan a kanka ba tare da ya ga naka ba. Inda kuka yi daidai, ka riƙe. Inda kuka saɓa, nan ne abin koyo yake. Lamba ta fi sauƙin bayarwa a kan magana: matar da ba za ta iya kallon idon mijinta ta ce ba ya sauraro ba, za ta iya zagaye 2 a takarda. Da haka aboki mai gaskiya da Gazali ya ce a nema ya samu hanyar magana ba tare da ya keta kunya ba.

A kula kuma da inda ake zuba amsoshin. A 2018 duniya ta ji labarin kamfanin Cambridge Analytica: mutane wajen 270,000 suka yi wani gwajin hali a Facebook, ta nan aka kwashi bayanan mutane har miliyan 87, aka kai su aikin siyasa. Duk gwajin da ya ce sai ka ba shi lambar wayarka, ko ka buɗe masa jerin abokanka, ko ka biya kafin ka ga ƙarshen sakamako, ka bar shi.

Saura babbar magana, wadda ta shafi hukuma da jami'a fiye da ɗaiɗaikun mutane. Gwaje-gwajen nan an gina su ne a kan Turawa, yawanci ɗaliban jami'a. Da Michael Gurven da abokan aikinsa suka kai gwajin halaye biyar wurin mutanen Tsimane na Bolibiya, manoma da mafarauta, suka buga sakamako a 2013, biyar ɗin ba su fito yadda aka saba ba. Wani bincike na 2019 da ya duba ƙasashe 23 masu ƙaramin ƙarfi da matsakaici ya ga cewa in aka yi tambayoyin baki da baki, amsoshin sukan kauce daga abin da ake son aunawa. Ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san zamanmu. Ka tambayi dattijuwa a Birni ko ita ce ke fara magana a taro, za ta ce a'a ko da ita ce uwar bikin unguwa, domin yabon kai abin kunya ne. Ka tambayi magidanci a Mirya ko yana yawan damuwa, zai ce alhamdu lillahi. Yarinyar da ba a bari ta fita ba za ta fito a matsayin mai gudun jama'a alhali ba a taɓa ba ta zaɓi ba. Ga kuma Faransancin da ake tambayar da shi, wanda yawancin mutanen jihar nan ba sa karantawa.

Wasu ba su tsaya kuka a kan wannan ba. A Afirka ta Kudu masana sun bi masu magana da harsunan ƙasar 11 suna tambayarsu yadda suke siffanta mutanen da suka sani, suka gina gwajinsu a kan amsoshin, kuma halayen zaman tare suka fito da ƙarfi fiye da yadda suke a gwajin Turawa. A Sin ma Fanny Cheung da abokan aikinta sun yi irin wannan. Kibeom Lee da Michael Ashton, da suka duba harsuna da dama, sai da suka ƙara rukuni na shida, gaskiya da tawali'u. Mu kuwa kayan aikin suna nan a ajiye. Tun 1974 aka buga laccar Anthony Kirk-Greene a kan mutumin kirki a wurin Hausawa, inda ya lissafa gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Wane gwaji ne daga waje yake auna kara, ko kawaici, ko riƙon amana yadda ɗan kasuwar Damagaram ke nufi in ya ba yaronsa kaya bashi zuwa Kano ko Agadas?

Tun da dokar ƙasa ta 2025 ta ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, ina ganin wannan aiki ne da ya dace Jami'ar André Salifou ta ɗauka, tare da malaman Hausa, malaman addini da masu horar da malaman makaranta. A fita Birni da Zango da Garin Malam, a je Magarya da Matamaye da Tanut, a ce wa mutane su siffanta wanda suke so da wanda zama da shi ya yi musu wuya, a rubuta kalmominsu yadda suka fito. A tace su, a gwada a kan mutanenmu, don in an ce wa yaro yana sama ko yana ƙasa, ya zama da 'yan uwansa aka auna shi. A yi shi da boko da ajami, a kuma naɗe shi da murya don wanda ba ya karatu ya saurara a salula ya danna lamba shi kaɗai, ba mai kallonsa. Matan da ke cikin gida mata 'yan uwansu za a tura musu, a kuma tambaye su abin da suke yi in suna tsakanin mata, domin a nan ne mai son jama'a da mai gudunta suke bambanta a fili.